Amsa: Shin ƙwaƙwalwar mutum irin ta kwamfuta ce?

Malam, ka tambaya ko mutum yana ajiye abu a kansa yadda kwamfuta ke yi. Ni dai ban yarda ba. In ka goge fayil a faifan ajiya, galibi sunansa kawai ake cirewa, bayanan suna nan har a rubuta wani a kansu. Shi ya sa masu gyara kan ceto hotunan biki.

Mutum kuwa in zai tuna, sake gina abin yake yi, da ƙari da ragi, bai sani ba. Rashin mantuwa sifar Ubangiji ce, duba Suratu Ɗaha, aya ta 52. Ko mahaddaci ya bar tilawa wata shida, sai ka ji yana tuntuɓe a Baƙara.