Amsa ga mai shago a Makka: kuɗin da ke salwanta tsakanin waya, shabaka da kwamfuta

Wani ɗan kasuwa Bahaushe haifaffen Makka, mai shagon dabino, turare, jallabiyoyi da dardumai a unguwar Misfala, ya aiko da tambaya kamar haka: “Ina karɓar saƙon masu saye ta WhatsApp a wayata, wasu kuma suna turowa ta wayar yaron shago. Masu kati suna biya ta shabaka (na'urar karɓar kuɗi da kati), wasu su turo kuɗi ta manhajar banki, alhazan Najeriya kuma sukan roƙi su biya da naira zuwa asusun wani ɗan uwana a Kano. Fatura (takardar shaidar ciniki) a kwamfuta nake fitarwa. Duk ƙarshen wata sai na tarar lissafi bai haɗu ba, alhali ban zargi kowa da sata ba. An ba ni shawarar in sayi tsarin kwamfuta mai haɗa komai wuri guda. Shin in saya?”

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Kada ka saya tukuna, domin tsarin da za a sayar maka ba zai ga abin da ya shiga wayar yaronka ba, balle abin da ya sauka a Kano. Kowace na'ura da ka lissafa tana yin aikinta daidai, kuma kowacce tana riƙe da bayaninta. Asarar tana faruwa ne a daidai lokacin da ciniki ya tashi daga wannan ya koma waccan, kamar yadda ruwa ba ya raguwa a cikin tulu ko a cikin randa sai wajen juyawa. Ka duba yadda ciniki ɗaya yake tafiya a shagonka bayan sallar isha'i, lokacin da jama'a suka fito daga Harami: wata Hajiya ta yi magana da yaronka ta WhatsApp tun da rana, ta zo ta ɗauki kwalin dabinon ajwa da dardumai biyu, ta biya rabi da kati, ta ce ɗanta zai turo sauran. Ɗan ya turo zuwa wayarka washegari kana kan hanyar Jidda sarin kaya, da sunan da ba ka sani ba. Cinikin nan ya ratsa na'urori uku da mutum huɗu, kuma babu wurin da aka rubuta shi gaba ɗaya.

Abin da zan fara ba ka shawara a kai shi ne ka mayar da fatura uwar lissafi. Idan shagonka yana da rajistar harajin VAT, wadda ta wajaba a kan duk wanda cinikinsa na shekara ya haura riyal 375,000, to hukumar zakka, haraji da kwastan ta ZATCA ta riga ta ɗora maka fitar da fatura ta na'ura tun ranar 4 ga Disamba 2021. Saboda haka kana da littafin da doka ta tilasta, sai dai ka daina ɗaukarsa a matsayin takardar da ake bugawa don gudun tara. Kaya kada su bar shago sai an fitar musu da fatura a lokacin, a rubuta hanyar da aka biya, lambar faturar kuma ta bi cinikin duk inda ya je: a tura ta cikin hirar WhatsApp, a roƙi mai turo kuɗi ya sanya ta a bayanin turawa. Ka tuna kuma cewa harajin kashi 15 cikin 100 ne tun watan Yulin 2020, wato a cikin kowane riyal 115 da ka karɓa riyal 15 ba naka ba ne. Da yawa daga cikin abin da 'yan kasuwa suke kira giɓi, kuɗin hukuma ne da suka lissafa a cikin riba.

Sai batun asusu, wanda a nan ne zan fi tsananta maka. Kuɗin shago ya sauka a asusun shago kaɗai, wanda aka buɗe da rajistar kasuwancinka kuma shabakar mada (tsarin biyan kuɗi da kati na Saudiyya) take zubawa a ciki. Na san abin da yake jawo akasin haka: tun da babban bankin Saudiyya ya ƙaddamar da tsarin tura kuɗi na sarie a 2021, ana iya tura kuɗi nan take da lambar waya kawai, don haka idan layi ya yi tsawo sai yaro ya ba da lambarsa, da niyyar ya maido maka daga baya. Ko da yaron mai amana ne, wannan ɗabi'a tana da haɗarin da ya wuce ɓacewar lissafi, domin idan baƙo ne mai igama (takardar izinin zama a ƙasa), shigar kuɗin shago asusunsa na kansa yana cikin abubuwan da dokar yaƙi da tasattur (wato baƙo ya yi kasuwanci a ɓoye da sunan wani) ta hana, kuma hukuncin manyan laifuka a wannan doka yana kaiwa ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5. Ka manna lambar asusun shago a jikin teburin karɓar kuɗi, kuma kowane dare kafin a rufe a yi muwazanar shabaka, wato a fitar da jimillar abin da aka biya da kati a ranar, a jera takardarta da jimillar faturorin ranar. Bambancin da aka gano a daren nan ana iya tuna dalilinsa. Wanda ya kwana talatin kuwa sai dai a yi ta rantse-rantse.

Hoton shaidar turawa da mai saye ya nuna maka a fuskar wayarsa ba kuɗi ba ne. Ka buɗe manhajar bankinka ka gani da idonka.

Maganar naira ta fi sarƙaƙiya, kuma na fahimci nauyin da ake ji idan dattijo daga gida ya ce guzurinsa ya ƙare. Amma riyal a ɗaure yake da dalar Amurka a kan 3.75 tun 1986, naira kuwa tun da aka sake ta a watan Yunin 2023 ta tashi daga wajen 460 a kowace dala zuwa sama da 1,500 a farkon 2024. Duk kwanan da kuɗinka suka yi a Kano, kai ne kake ɗauke da wannan kasada, sannan dawo da su ta hannun 'yan canjin da ba su da lasisi wata ƙofar matsala ce da hukuma. A ganina ka rufe wannan hanya, ka nemi alhaji ya biya da riyal ko da katin da shabaka take karɓa. Wanda ka ga ya cancanci alfarma, ka rubuta masa bashi da riyal a sarari, ka san cewa bashi ka bayar.

Game da WhatsApp, gyaran mai sauƙi ne kuma ba ya cin ko sisi. Ka keɓe layi ɗaya na shago a kan WhatsApp Business, ka haɗa shi da kwamfutar shago da wayar yaro, tunda ana iya haɗa na'urori har huɗu da asusu guda. Ta haka duk saƙon da aka amsa kana ganinsa, kuma ranar da yaron ya bar aiki za ka cire na'urarsa kawai, masu sayenka ba za su bi shi ba. Layin ya kasance da sunanka aka yi masa rajista, ka kuma kunna lambar sirri ta mataki na biyu.

Layin da bankinka da Absher, manhajar hidimomin gwamnatin Saudiyya, suke aiko maka da lambar tabbatarwa kuwa, kada ya zama shi ne yake yawo a hannun ma'aikata ko a buga shi a jikin leda. Wanda ya riƙe wannan layi ya riƙe mabuɗin kusan komai naka, kuma 'yan damfara sukan kira da sunan banki su ce ka karanto musu lambar da ta shigo, ko ka amince da wata buƙata a Nafath, manhajar gwamnati ta tabbatar da shaidar mutum. Banki ba ya neman wannan ta waya.

Ka bi wannan tsari har ka fita lokacin Umrar Ramadan, wanda shi ne zai gwada shi da gaske. Idan bayan haka lissafin dare yana haɗuwa amma ƙirgar kaya ce take gagara, ko ka buɗe reshe na biyu, to lokacin sayen tsarin ya yi. A lokacin ka tambayi mai sayarwa ko tsarinsa ya cika sharuɗɗan mataki na biyu na faturar ZATCA, wato haɗa na'urar fatura da tsarin hukumar, wanda aka fara a Janairun 2023 ana shigar da 'yan kasuwa rukuni-rukuni gwargwadon cinikinsu, ko yana magana kai tsaye da shabakarka ba sai an sake buga adadi da hannu ba, da kuma ko zai ba ka damar kwashe bayananka idan ka bar shi, domin doka tana son ka adana takardun haraji na aƙalla shekara 6.