Tabo a tafin ƙafa: yadda ake bibiyarsa da kyamarar waya

Tambaya: Malam, mahaifiyata na da wani baƙin tabo a tafin ƙafa. Likita ya ce mu riƙa lura ko yana sauyawa, amma da ido na kasa ganewa. Waya za ta taimaka?

Amsa: Za ta taimaka, Malama, muddin kowane hoto an ɗauke shi yadda aka ɗauki na farko. Kuma likitan ya yi gaskiya. Ga baƙar fata, sankarar fata da ake kira melanoma ta fi fitowa a tafin ƙafa, tafin hannu da ƙarƙashin farce. Ita ce ta yi ajalin Bob Marley a 1981, daga yatsan ƙafa ta faro.

Yi amfani da kyamarar baya. Kashe duk wani tsarin gyaran fuska, domin aikinsa ke nan, goge tabo da daidaita launi, wato ainihin abin da kike son gani. Fitilar kyamara ma a kashe ta, ƙyalli take sa wa fata. Ki zaunar da Mama a inuwa da hantsi, ƙafa a wanke, a bushe. Idan ta yi lalle, a jira ya fita.

Ajiye rula a gefen tabon, in babu ita ba za ki san girma ya ƙaru ko kuwa matsowa kika yi ba. Tazarar santimita 15 ta isa. In kin matsa sosai hoton dishi-dishi zai yi. Taɓa tabon a fuskar waya kafin ki ɗauka. Ki riƙa ɗauka sau ɗaya a wata, ki tara hotunan wuri guda.

Jera na bara da na bana, ko na watan jiya da na yau. Shin rabin tabon ya saɓa da ɗaya rabin? Gefensa ya yi karkace-karkace? Launi ya haɗu biyu ko uku? Faɗinsa ya haura milimita 6? Sauyi kowane iri, ko jini, ko gyambo, a koma asibiti a makon, kada a jira wata.

Wajen tura wa likita ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil. Turawar da aka saba tana matse hoto.

Tambaya: Manhajojin da ke duba hoto su ce sankara ce ko a'a fa?

Amsa: Ban ba da shawararsu ba. Yawancin hotunan da ake horar da irinsu na fararen fata ne, don haka suna iya cewa lafiya lau alhali ba haka ba. Tabbaci sai an yanki ɗan naman an auna a asibiti.