Kafin ka miƙe gaban alƙali

Ɗana, jiya muna dawowa daga kotu ka yi mini tambaya a mota, na ce ka bari sai na natsu. Ka ce wata takwas ke nan kana ofishina, ba ka taɓa ganin na yi magana gaban alƙali ta wuce minti biyar ba: a miƙa takarda, a karɓi takarda, a ɗage zama. Abokan karatunka na Ngaundare da suka bi shari'ar laifi kuwa har gari ya fara sanin sunansu. Kana so ka san ko shari'ar haƙƙi, wato ta bashi da fili da gado da makamantansu, tana da makoma, kuma in za ka tsaya a cikinta, wane fanni za ka kama. Na ji daɗi da ka fito da maganar fili, ba ka bar ta tana cin ka ba.

Abin da ke ranka shi ne baristan Ingila, mai baƙar riga da farar hular gashi. Can sun raba aikin biyu. Akwai lauyan da ke zama da mai ƙara ya haɗa takardu, sannan akwai barista da ke tsayawa a kotu, wanda sai ya shiga ɗaya daga cikin gidajen lauyoyi huɗu na Landan, ya yi shekara guda yana bin babba. A Kamaru mutum ɗaya ke ɗaukar kayan duka biyu, ko a Bamenda da Buya inda ake bin tsarin Ingila ana ce musu barista, ko nan Garwa inda ake ce mana Metir. Kuma a ɓangarenmu shari'ar haƙƙi a rubuce ake yin ta. Abin da alƙali zai ɗauka ya tafi da shi ya yi nazari shi ne abin da ka rubuta da takardun da ka jingina. Minti biyar ɗin da ka gani, kwana uku na yi a kan tebur kafin su.

Yanzu ga inda wahalar take. Sashe na 1315 na dokar haƙƙi da muka gada daga Faransa ya ce wanda ya nemi a cika masa alkawari shi zai kawo hujja. Tun kana makarantar allo ka ji irinsa: hujja a kan mai da'awa take. Amma mutanenmu da amana suke ciniki. Mutum zai ɗora wa wani buhun albasa 200 zuwa Duwala, ko ya damƙa masa kuɗin shanu a kasuwar Adumri, ba rubutu ko layi ɗaya, duk da ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka. Ran da aka ɓata sai ya zo ya zauna a kujerar nan ya ce maka, «Metir, na ba shi kuɗi ya juya, ya cinye.» To, kada ka ɗauki alƙalami tukuna. Bashi ya ba shi, ko jari suka haɗa a raba riba, ko ajiya ce? A bakinsa duk ɗaya ne, a gaban doka kuwa ƙara uku ce daban-daban, kuma in ka shigar da wadda ba ita ba, kai ka kayar da shi da hannunka. In jari ne aka yi asara, wataƙila ba ya bin kowa ko sisi. Sai ka zauna da shi awa biyu, da Hausa ko da Fillanci, kana tambaya a hankali: wa ke wurin, me aka ce, an taɓa ba ka wani abu a ciki, da sunan me aka ba ka? Daga nan ka nemi abin da ya rage a ƙasa: saƙon waya, shaidar tura kuɗi, littafin dillali, takardar direban da ya ɗauki kaya. Tsakanin 'yan kasuwa doka ta yarda a kafa hujja ta kowace hanya, wannan rahama ce gare mu. Mayar da maganar kasuwa ta zama Faransancin da alƙali zai iya hukunci a kansa, ba tare da ka ƙara ko ka rage ba, shi ne rabin sana'ar nan, kuma ba a koyar da shi a jami'a.

Ɗaya rabin kwanan wata ne. Zan gaya maka abin da ban cika faɗa ba. Ina shekara ta biyu da buɗe ofis, wani dattijo mai sayar da hatsi ya kawo mini takardar umarnin biyan bashi da aka samo a kansa. Lokacin doka ta ba da kwana 15 a yi jayayya. Na tambaye shi yaushe aka ba shi, ya ce kwanan nan ne. Na yarda da bakinsa, ban duba ranar da ma'aikacin kotu mai kai sammaci ya rubuta a saman takardar ba. Ashe ya sa ta a aljihu ya yi tafiya Kusiri ya dawo. Da na shigar, wa'adi ya riga ya wuce. Mutumin nan ya riga ya biya fiye da rabin bashin, rasit ɗinsa suna hannuna, amma babu alƙalin da ya dube su, domin ƙofar ta rufe. Sai da muka bi ta hannun dattawan kasuwa kafin aka rage masa abin da ya biya. Har yau in na wuce rumfarsa ina jin nauyinsa. Shi ya sa nake sa ka rubuta ranar isar da takarda da jan biro a bangon kowane fayil. Kuma ka lura, dokar da aka sabunta a 2023, ta fara aiki a Fabrairun 2024, ta mayar da wa'adin kwana 10.

Fannonin kuwa, garin nan ne zai zaɓa maka su kafin kai ka zaɓa. Bashi da ciniki su ne abincin yau da gobe. Ƙarar da ba ta wuce sefa miliyan 10 ba tana zuwa ƙaramar kotu, wadda ta haura sai babbar kotu. Dokokin kasuwanci na OHADA ne, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci ta Afirka da aka kafa a 1993, mai ƙasashe 17, kuma in rikici a kansu ya wuce kotun ɗaukaka ƙara ta Garwa, kotun ƙungiyar da ke Abijan za shi, ba kotun ƙoli ta Yawunde ba. Cadi tana ciki, saboda haka abin da ka koya nan zai yi maka aiki a hayin gadar Ngeli. Najeriya ba ta ciki, sai ka yi hattara da cinikin Mubi da Yola.

Fili shi ne mai zafi. Mutum ya saya gaban jauro, wato mai unguwa, da shaidu, ya yi gini, ya haifi 'ya'ya a ciki, sai wani ya ɓullo da takardar mallaka ta hukuma. Dokar filaye ta 1974 ba ta san wancan ciniki ba: filin da ke da takardar mallaka sai gaban notar, jami'in da ke rubuta yarjejeniya ya tabbatar da ita a hukumance, ake sayar da shi, wanda ba shi da ita kuwa ba a yarda a sayar ba. Rushe takardar mallaka kuma ba a kotun haƙƙi ake yi ba, sai ka fara kai kuka ma'aikatar filaye, sannan kotun da ke shari'a da hukuma. Gado ma haka yake da nauyi. Iyali na iya zuwa kotun al'ada, inda masana al'ada ke zama da alƙali, amma wanda ake ƙara yana da ikon ƙin ta tun kafin a shiga magana, sai a koma dokar rubuce. Ka je ka zauna gaban malami ka koyi rabon gado sosai, domin marayu da zawarawa ne za su zo maka. Rikicin ma'aikaci da maigidansa sai ya bi ta ofishin sufeton ƙwadago an gwada sulhu, haɗarin mota kuma yana da dokar inshora tasa. Waɗannan za ka koye su a hanya.

In shawarata kake so, kada ka ware fanni yanzu. Ka gama shekara 2 na koyo da dokar aikin lauya ta 1990 ta ɗora maka, ka ci jarrabawar fita, ka taɓa komai. Amma ka ba zartar da hukunci ƙarfinka, domin nan ne yawancin lauyoyi ke sakin mutane. Hukunci takarda ne har sai kuɗi ya shiga hannun mai shi. Ka san yadda ake riƙe asusun banki, yadda ake kama kaya, abin da doka ta hana a taɓa. Kafin ka karɓi ko dala a hannun mutum ka bincika ko wanda zai kai ƙara yana da abin biya. In babu, ka gaya masa gaskiya. In sulhu zai ba shi kashi bakwai cikin goma a wata guda, kada ka ja shi shekara uku don ka ci kuɗin zama. Kuɗin da ka karɓo wa mutum kuma kada ya kwana a aljihunka.

Suna yana zuwa a wannan fanni, sai dai a hankali, daga bakin ɗan kasuwa zuwa kunnen ɗan'uwansa. Ni na yi shekaru kafin ofishin nan ya riƙe kansa.

Gobe da safe ka ɗauki fayil ɗin mai goron nan na Yalwa. Ka kira shi, ka zauna da shi kai kaɗai, ka gano mini ko bashi ne ko jari. Ka rubuta amsar da za mu miƙa, in duba ta ranar Laraba. Ranar Alhamis kai za ka miƙe gaban alƙali, ni ina zaune a bayanka.