Babura shida, amma gareji ke cinye balas

Tambaya: Ina da babura shida a hannun 'yan acaba, biyu daga ciki sababbi ne masu injekta, wato na'urar da ke fesa wa inji mai, wadda ta maye gurbin kafireta. Ƙanena ne ke karɓar balas, wato kuɗin da 'yan acaban ke kawowa kullum, shi ke kai baburan gareji. Kusan duk mako sai ya ce an wanke injekta ko kafireta, kuɗi sun tafi. In sayar da masu injektar ne, tunda sun cika laulayi? Kuma ina son cin bashi in ƙaro goma.

Amsa: Alhaji, ajiye maganar babura goma tukuna. A duk bayaninka ban ji inda ka ambaci littafi ba. Wane babur aka wanke, yaushe, wane bakanike, nawa aka biya? Ba ka sani ba, sai abin da ƙanenka ya faɗa. Nan ne ciwon yake.

Ban ce yana cutar ka ba. Amma injekta ba riga ba ce da za a riƙa wanke ta duk mako. In mai yana da kyau, filta kuma lafiya lau, sai ta yi watanni ba a taɓa ta ba. Ko dai ba a wanke ta ake rubuta maka kuɗi, ko kuwa yaranka suna zuba mata dagwalo.

Na biyun ma ba ƙarami ba ne. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, ɗan acaba lita ɗaya ko biyu yake sha, sau da yawa wajen 'yan bumburutu, man galan mai ruwa da ƙasa. Ruwan ya kwanta a gindin tanki, tsatsa ta kama, ta bi mai ta toshe ƙofofin injekta, waɗanda ba su kai bakin allura ba. Ga famfon mai yana cikin tankin, man ne ke sanyaya shi; a yi ta yawo da tanki a bushe, sai ya ƙone. Kafireta takan daure wa wannan wulakanci, injekta ba ta daurewa.

Na san wani mai babura da ya canja injekta har sau biyu. Ashe bakaniken ɗan kafireta ne, waya yake zura mata yana sakata. Ƙofa ta buɗe, babur ya koma shan mai kamar ba gobe. Ɗan 'yarsa ke kai gyaran, shi ya sa kunya ta hana shi tambaya.

Sayi littafi, kowane babur da shafinsa. Bakanike ɗaya, wanda ya iya injekta, kai za ka biya shi hannu da hannu, kuma duk abin da aka cire a kawo maka tsohon. A sauke tankunan nan a wanke, a sa sabuwar filta. Gidan mai ɗaya za a riƙa sha, yaron da ya sha na galan shi ke biyan gyara.

Lissafa da kanka: in balas ɗin babur dubu uku ne a rana, gyaran dubu shida a mako ya cinye maka kwana biyu. Da wannan za ka biya bashi? Kar ka manta, a Janairun 2013 rana ɗaya aka hana acaba a Kano, masu bashi kuwa ba su yafe ba.

Kada ka sayar da komai sai littafin ya yi wata uku. Ka aiko mini da abin da ya nuna.