Kafin ki biya kuɗin IELTS, gyara ƙananan kalmominki

Ƙanwata, saƙonki ya same ni bayan na tashi daga aikin dare a nan Landan, kuma ke ce ta uku a watan nan da ta roƙe ni littafin manyan kalmomin Turanci don ta haddace kafin IELTS, jarrabawar gwada iya Turanci. Ba zan aiko ba, domin ba can ciwonki yake ba. A ɗan abin da kika rubuto mini da Turanci kin ce “interested on nursing”, kin kuma ce aikin Ingila “different with” na gida ne, alhali “interested in” da “different from” ake faɗi.

Hukumar NMC da ke yi wa ma'aikatan jinya rajista a ƙasar nan tana neman maki 7 a karatu da sauraro da magana, sannan 6.5 a rubutu. A zamana na farko 6 na samu a rubutu, wannan rabin makin kuwa ya jawo mini sake biyan kuɗi da jiran wata biyar. Da na kai takarduna wurin wata malama, ƙarƙashin waɗannan ƙananan kalmomin ta fi jan layi.

Tushen abin yana cikin harshenmu. Bahaushe yakan ce ya saba da abu, ya gaji da shi, ya dogara da shi, yana alfahari da shi, wannan ya yi kama da wancan ko ya bambanta da shi, duk da “da” guda ɗaya, kuma tun muna firamare aka dasa mana cewa “da” ita ce “with”. Bature kuwa cewa yake “used to”, “tired of”, “dependent on”, “proud of”, “similar to”, “different from”. Ki duba da kyau, a cikin shidan nan babu “with” ko ɗaya, kuma babu wata ƙa'ida da za ta fitar miki da su idan kin manta.

Abin da ya fi yi mini zafi bayan na fara aiki ya faru. Na rubuta a takardar miƙa aiki cewa ni “responsible to” majinyata huɗu ce, ina nufin su ne a hannuna. Shugabar sashen ta karanta a gaban kowa, ta ce abin da na rubuta yana nufin majinyatan ne shugabannina, domin “responsible for” ake cewa ga wanda kake kula da shi, “responsible to” kuma ga wanda yake sama da kai. Gyaran nata daidai ne, amma yadda ta yi shi bai dace ba, kuma shekara tara da na yi ina jinya a gida ba ta hana wasu fara shakkar hannuna ba daga ranar. Yau ni nake duba rubutun sababbin ma'aikata a sashen.

Saboda haka kada ki sake haddace siffa, irin su “proud” ko “tired”, ita kaɗai. Ki rubuta ta tare da kalmar da ke bin ta a cikin cikakkiyar jimla, ki kuma lura cewa aikatau da ya biyo baya yana ɗaukar “ing”, kamar “capable of working”. Duk ranar Asabar ki rubuta kalma 250 cikin minti 40, kamar yadda sashe na biyu na rubutun jarrabawar yake buƙata, ki turo mini in duba. Ki gaida mini Inna.