Kwamfuta za ta iya karanta hoton ƙirji a madadin likita?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Mahaifina ya yi wata biyu yana tari, an ce a yi masa radiyo, wato hoton ƙirji. Na ji cewa yanzu akwai kwamfuta mai ƙirƙirarriyar basira da ke karanta irin wannan hoto. In haka ne, me ya sa za mu zauna jiran likitan hoto ya rubuta sakamako? Daga wani mai karatu a unguwar Birni, Damagaram.

Amsa: Malam, Allah ya ba Baba lafiya. Abin da ka ji yana da tushe, domin a shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi amfani da irin waɗannan manhajoji wajen zaƙulo masu alamar tarin fuka ta hoton ƙirji, ga waɗanda suka kai shekara 15. Daga cikin sanannunsu akwai CAD4TB ta ƙasar Holan da qXR ta Indiya. An horar da su da ɗimbin hotunan da aka riga aka san ciwon masu su, shi ya sa da an ba CAD4TB sabon hoto take shafa launi a wurin da take zargi a huhu, ta ba da maki daga 0 zuwa 100.

Sai dai makin zargi ne kawai. Farin dishi-dishi a saman huhu yana iya zama tarin fuka mai ci yanzu, yana iya zama tabon wanda ya warke shekara goma da suka wuce, yana kuma iya zama ƙurar dutse, kamar yadda ake samu a jikin wanda ya daɗe cikin ramin zinariya, irin samarinmu da suka yi tururuwa zuwa Jado, a arewacin Nijar, tun 2014. Kwamfuta ba za ta tambayi Baba ko yana gumin dare ba, ko ya rame, ko ya taɓa shan maganin tarin fuka na wata shida. Saboda haka ko maki ya yi sama, sai an gwada kaki da na'urar GeneXpert, mai gano ƙwayar cutar tarin fuka, kafin a ɗora mutum kan magani.

Inda na fi ganin amfaninta shi ne tsara layi. Likitocin hoto ba su da yawa a ƙasarmu, kuma manhajar da za ta tura hoto mai haɗari gaba, ta nuna wa likitan da idonsa ya gaji ɗan ɗigon da zai iya tsallakewa, ta rage wahala ƙwarai. A 2016 Geoffrey Hinton, ɗaya daga cikin jagororin wannan fasaha, ya ce a daina horar da likitocin hoto. Amma har yau su ne ke sa hannu a takardar sakamako, su ne kuma ake tambaya in an yi kuskure.

A kai Baba radiyon ba tare da jinkiri ba, a nemi gwajin kaki rana ɗaya. In akwai tsohon hotonsa a gida, ko ya sha ƙura a ƙasan akwati, a tafi da shi, domin da shi likita zai gane ko tabon sabo ne.