Na haɗa wa tarakta sitiyari mai tuƙa kansa amma ta ƙi bin layi: in ƙara eriya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni da kaina na haɗa wa taraktata na'urar tuƙi ta tauraron ɗan'adam: manhajar AgOpenGPS a kwamfutar hannu, risiba mai karɓar siginar tauraron samfurin ZED-F9P, eriya ɗaya a saman rumfa, da ƙaramin moto mai juya sitiyari. RTK, wato gyaran da wata tasha a ƙasa ke turowa don ma'aunin tauraron ya zo daidai, tana kamawa lafiya lau. Sai dai taraktar ba ta tsayawa a kan layi, kullum tana kai kawo dama da hagu. Kuma idan na juyo daga ƙarshen gona nakan tarar da ratar kusan santimita 20 tsakanin shuka da shuka, a zagaye na gaba kuma sai su hau juna. Wani ya ce in ƙara eriya ta biyu. Ita ce maganin?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Riƙe kuɗinka tukuna. Matsaloli biyu ka kawo, kowace da tushenta, kuma babu wadda eriya ta biyu za ta warkar. Muddin allo yana nuna maka RTK ta kama sosai, wato fiks, to risibar ta san inda eriyarka take da kuskuren da bai wuce santimita biyu ko uku ba. Daga sama an gama maka aiki. Saura abin da ke tsakanin eriya da tayoyin gaba.

Kafin ka taɓa kowace lamba, kashe na'urar, ka tayar da inji, ka sa wani ya riƙa motsa sitiyari a hankali kai kuma ka durƙusa gaban taraktar kana kallo. Idan sitiyari yana tafiya mai yawa kafin taya ta motsa, ko mahaɗan sandar da ke haɗa tayoyin biyu sun yi sako-sako, to ka samu rabin ciwon. Direba yana jin wannan wasan a hannunsa, ya saba da shi har bai san yana cike gurbinsa ba. Kwamfuta kuwa takan ba da umarni, ta ga taya ba ta amsa ba, ta ƙara ƙarfi, taya ta wuce inda ake so, ta sake jawo ta. Tafiyar macijin da kake gani ke nan. Haka nan idan moton yana zamewa a jikin sitiyari. Duba kuma sensar da ke auna kusurwar taya. Masu haɗa wannan na'ura da yawa suna amfani da sensar auna tsayin mota ta Land Rover, kuma tana aiki, amma sharaɗin shi ne sandarta ta ɗauru tamau, ta riƙa motsi tare da taya ba jinkiri ko kaɗan, kuma kada ta kai ƙarshen zangonta kafin sitiyari ya ƙure. A ganina wannan 'yar sensar ta fi komai muhimmanci a duk haɗin, ita ce kuma aka fi ɗaurawa da gaggawa.

Tun yanzu ka tabbatar da abu ɗaya: akwai makunni kusa da hannunka da zai yanke tuƙin nan take, kuma na'urar tana sakin sitiyari da zarar ka kama shi. Ana yin haka da sensar ƙarfin wutar moto ko mai ƙirga juyin sitiyari, masu bawul na haidirolik kuma da sensar matsin mai. Kada kowa ya tsaya kusa da tayoyin gaba yayin da na'urar ke kunne, kuma ba a hawa titi da ita a kunne.

Daga nan sai saiti, kuma daga ƙasa ake farowa. Manhajar nan wani manomi ne ɗan lardin Alberta a Kanada, Brian Tischler, ya fara rubuta ta, yanzu manoma a ƙasashe da dama suna amfani da ita a kan taraktoci iri-iri. Saboda haka lambobin da ta zo da su na farawa ne kawai, kowace tarakta da nata.

Fara da sifirin sensar kusurwar taya. Nemi fili mai shimfiɗa, ka tuƙa da hannu a miƙe, ka sa wa manhajar cewa nan ne sifiri. Za ka gane bai daidaita ba idan ka kunna tuƙi taraktar ta miƙe sak amma allo yana nuna ta lafe a gefe ɗaya na layi, ba ta komawa tsakiya. Sai ka riƙa gusa sifirin kaɗan-kaɗan har lambar da ke nuna nisanka daga layi ta riƙa wasa a gefe biyu na sifiri daidai wa daida.

Bayan shi sai ƙirgen sensar, wanda ke gaya wa manhajar nawa ne digiri ɗaya na karkatar taya. Karya sitiyari zuwa dama ka riƙe shi wuri ɗaya, ka yi da'ira a hankali. Manhajar tana iya lissafa kusurwar gaskiya daga faɗin da'irar, kai ma kana iya gwadawa da tef: idan tsakanin gatarin gaba da na baya mita 2.5 ne, kuma daga tsakiyar da'ira zuwa tsakiyar gatarin baya mita 7 ne, kusurwar ta kusa digiri 20. In allo ya ce 14 ko 27, ƙirgen ne ba daidai ba, ka gyara shi. Sai ka maimaita ta hagu. Ba za su zo ɗaya ba, domin a kwana tayar ciki ta fi ta waje karyewa, sensarka kuma a jikin taya ɗaya take. Saitin Ackermann aka tanada don cike wannan bambancin.

Sai ƙarfin moto. Akwai wurin da za ka umarci tayoyi su karkata digiri biyar dama, biyar hagu, ba tare da bin wani layi ba. A nan za ka nemo mafi ƙarancin PWM, wato lambar ƙarfin wutar moto da taya ke fara motsi da ita da ƙyar. In ta yi ƙasa, ƙananan gyare-gyare ba sa kai wa ga taya, sai kuskure ya taru sannan a fizge shi lokaci ɗaya. In ta yi sama, taya takan riƙa karkarwa. Daga nan ka riƙa ɗaga lambar P, mai ƙayyade ƙarfin da moto ke gyara kuskure da shi, har ka ga taya tana wuce kusurwar da ka nema tana dawowa, sannan ka ɗan sassauta. Abin da kake nema shi ne taya ta je da sauri ta tsaya cak. Idan ba ta iya wannan ba, duk saitin da za ka yi a gaba ɓata lokaci ne.

Sai bayan duk wannan za ka taɓa nisan hange, wato yadda manhajar ke duban gaba a kan layi kafin ta yanke shawara. Gajeren hange yana kawo kai kawo, dogo kuma yana sa taraktar ta yi nawar hawa layi, ta riƙa yanke kwana. Fara da dogo ka riƙa ragewa. Yi gwajin da saurin da za ka yi aiki, injin shuka a ƙasa, domin nauyin baya yana rage wa tayoyin gaba riƙon ƙasa. Lamba ɗaya za ka canza a kowane zagaye, ka rubuta ta a takarda.

Batun ratar santimita 20 kuwa, lissafinta a bayyane yake. Idan eriya ta kauce daga tsakiyar tarakta da santimita 10, a tafiya aikin zai gusa 10 zuwa wani gefe, a dawowa ya gusa 10 zuwa ɗaya gefen. Shi ya sa kake ganin rata a wannan zagaye, hawan juna a na gaba, alhali allo yana nuna sifiri. Sensar karkata, wato IMU irin su BNO085, tana iya haifar da wannan alamar sak. Eriyar da ke mita 3 daga ƙasa, kuskuren digiri 2 kacal a karkata yana gusa lissafin da kusan santimita 10. Don haka ita za ka fara daidaitawa. Tsaya a wuri mai shimfiɗa ka karanta karkatar, ka juyo ka tsaya kan sawun tayoyinka kana fuskantar baya, ka sake karantawa. Tsakiyar lambobin biyu shi ne sifirinka. Tabbatar kuma tsayin eriya da ka shigar shi ne na gaskiya, kuma idan taraktar ta karkata dama allo ma dama yake nunawa. In allo ya nuna akasin haka, gyaran zai ninka kuskuren a kan gangare.

Sannan ka bi layi ɗaya da tuƙin na'ura, ka tsaya, ka kafa fegi daidai ƙarƙashin tsakiyar wurin jan kaya. Je ka juyo ta kan wannan layin, ka tsaya a wurin, ka auna tazarar da ke tsakanin fegin da tsakiyar taraktar. Rabin abin da ka auna shi ne kaucewar eriya, shi za ka shigar. Idan tarakta ta koma kan feginta amma ratar tana nan a shuka, to injin shukar ne bai rataye a tsakiya ba, ko faɗin da ka shigar bai yi daidai da nasa ba.

Abu ɗaya daga ɓangaren RTK ya cancanci ka duba. Idan tashar gyara taka ce, ka rubuta mata matsayinta na dindindin. Tashar da ke sake auna kanta duk lokacin da aka kunna ta takan sa layin jiya ya gusa yau. Idan kuma ta intanet kake karɓar gyaran, ta hanyar NTRIP, zaɓi tasha mafi kusa, domin kuskure yana ƙaruwa da kusan milimita ɗaya a kowace kilomita, kuma fiks yana wahalar riƙewa idan nisan ya wuce kilomita 30.

Eriya ta biyu tana da ranarta. Mai eriya ɗaya daga motsi yake gane inda tarakta ta fuskanta, don haka yakan rikice a tafiya mai tsananin jinkiri, ko a tsaye, ko wajen ja da baya. Idan aikinka dashen kayan lambu ne da ake rarrafe ƙasa da kilomita ɗaya a awa, eriya biyu da risiba biyu za su amfane ka ƙwarai. Ga shukar hatsi a kilomita 6 zuwa 8 a awa, eriya ɗaya da IMU da aka daidaita sun wadatar.